Kujerun da Suka Durƙusa a Wurin Kamu

Tun da na gama sakandare Mama take neman inda za ta ajiye ni, kamar firijin da ya daina sanyi. Daga ƙarshe ta yanke cewa ni zan riƙa zama da kulolin kunun ayarta a bakin kasuwar Karmo, ita ta huta. Zaman ba komai ba ne. Kiran ne matsala. Mai kunun aya dole ta buɗe baki ta kira mutane, ta yi wa direbobi dariya, ta ce wa ƙato mai gemu "kwastomana". Ni kuwa ko a aji, in malami ya ambaci sunana sai in ji kamar zanina ya kwance a tsakiyar titi.

Abin da na iya shi ne 'yan kujeru, ƙanana, waɗanda za su zauna a tafin hannu. Jikin gidanmu akwai rumfar Oga Meshach kafinta, kuma duk guntun katakon da ya yar ni nake tsincewa. Da farko don in samu dalilin zama a lungu ne, inda ba mai aikena. Daga baya hannuna ya saba. In yanka, in goge da samfefa, in haɗa ƙafafu da majingina, in shafa banish. Kujera ba ta taɓa tambayata me ya sa na yi shiru ba.

Wata rana wata mata ta zo wurin Oga Meshach karɓar allon da ake kafawa a bayan amarya. Anti Rukayyat sunanta, kwalliyar wuraren biki take yi, shagonta yana Gwarinpa. Irin matan nan ne da waya ba ta barin kunnensu, ba ka sanin ko da kai suke faɗa ko da na cikin wayar. Tana jiran a ɗaure mata allon a kan mota sai ta ga kujerata ɗaya a kan benci. Ta ɗauka ta jujjuya.

"Wa ya yi wannan?"

Oga Meshach ya nuna ni da zarto. "Yarinyan nan ne, Nazeefa. Ba ya magana, amma hannunshi yana da kyau."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Na dubi silifas ɗina.

"Ina da kamu ranar Asabar ta sama," in ji ta. "Ina son irin wannan a kan kowane tebur. Amma ki faɗaɗa wurin zaman, ya kai kamar haka." Ta zana da'ira a iska da wayarta. "In sun yi kyau, akwai tebur a bayan shagona, dama ina neman mai hannu. Ba ruwanki da kwastoma, ke dai aiki."

Tebur a bayan shago, kuma ba ruwana da kwastoma. Ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba.

Tambaya ta zo mini har bakin haƙori: me za a ɗora a kai da ake son faɗi haka? Amma ta riga ta koma wayar tana gaya wa wani cewa ita ba sa'arsa ba ce. Na haɗiye. Na ce wa kaina fulawa ce, ko katin nan da ake rubuta lambar tebur.

Da na gaya wa Mama, ba ta ko ɗago daga tace aya ba. "In matar ta ɗauke ki, shi ke nan, na haƙura. In ba ta ɗauke ki ba, kula tana nan tana jiranki."

Ni da farin gam na saba, irin na kafintoci, mai kama da kindirmo. Oga Meshach ne yake ɗiba mini a gwangwanin madara. Aikinsa ba ya son gaggawa. Sai na huda ɗan rami a ƙasan wurin zama, na soka guntun tsinken tsire a kan ƙafar, na shafa gam a duka biyun, na matse, na goge wanda ya fito da jiƙaƙƙen tsumma, na ɗaure da robar tayar keke, sannan a bar shi ya kwana. In ya kama, katakon zai tsage kafin wurin haɗin ya saki. Oga Meshach yana ƙaunar gam ɗin nan, amma ba don ƙarfinsa ba. Shi ne uzurinsa. Duk wanda ya zo karɓar aiki, "Oga, gam bai bushe ba." Akwai wani gado a rumfar da gam ɗinsa yake bushewa tun kafin azumi.

Ina cikin wannan, kujeru sun jeru a ƙarƙashin gadona da roba a ƙugu kamar masu ciwon baya, sai Mama ta leƙo.

"Waɗannan ne kawai?"

"Suna bushewa ne, Mama."

"Au, kema kin koyi ƙaryar maƙwabcin namu."

Ta shiga ɗaki, na ji tana jan akwati. Na san abin da za ta ɗauko tun kafin ta fito. Shekarar zaɓe matar wani ɗan takara ta tara matan unguwa a makarantar firamare, aka koya musu sana'a daga safe zuwa azahar. Aka ba kowa satifiket, da shinkafa a roba, da bindigar gam. Tun daga ranar Mama ba ta manna komai da ita ba sai hannun wani kofi, shi ma ya sake fita. Amma satifiket ɗin yana nan a bango, sama da hoton Baba.

"Wannan ita ce ta zamani," in ji ta, tana kakkaɓe ƙura. "Gam ɗin kyandir. Ki ɗiga, ki danna, kafin ki gama bisimilla ya kama. Mu a hukumance aka koya mana."

Na san gam ɗin kyandir. Ba ya shiga cikin katako, a sama yake zama kamar baƙon da bai cire takalmi ba. Kuma ba ya ba ka lokacin soka tsinke, kafin ka daidaita ya daskare. Amma ta riga ta jona bindigar a bango, ta jawo kujera ta zauna a gabana, ta naɗe hannu. Wa zai dubi uwarsa ya ce mata satifiket ɗinta na ado ne? Na karɓa.

Gaskiya akwai daɗi. Kafin la'asar na yi fiye da abin da na yi a kwana biyu. Mama ta riƙa kiran matan gida su zo su ga ilimi.

Washegari aka ɗauke wuta, bindiga ta mutu. A lokacin ne Yaya Surajo ya shigo cin abinci. Yayana ne, keke napep yake ja, kuma a duniyarsa babu abin da ya lalace da sufa gulu da yashi ba za su gyara ba. Madubin kekensa, murfin wayarsa, takalmin matarsa. Har fason ƙafarsa da shi yake liƙewa. Ya tsaya a kaina da kwanon tuwo a hannu.

"Wannan kuma wace irin wahala ce? Ɗaya sai an jira nepa, ɗaya sai an jira gobe."

"Kai rufe mana baki," in ji Mama. "Kai da ba ka da satifiket ɗin komai."

"Ina da lasisi."

"Wanda hoton jikinsa ba kai ba ne?"

Bai kula ta ba. Ya ajiye tuwon, ya zaro sufa gulu daga aljihu kamar mai raba alewa, ya tsuguna ya ce in kawo ƙafa ɗaya ya nuna mini. Ya ɗiga, ya danna, ya ɗaga kujerar sama. Ta ɗagu tare da babban yatsansa. Ya girgiza hannu, ta ƙi sauka.

"Kin gani? Abin da ya kama mutum, katako ne zai gagare shi?"

Ina kallo katakon yana shanye ruwan kamar ƙasar rani, abin da ya rage a wurin haɗin bai taka kara ya karya ba. Na san kuma in ya bushe ƙamas yake yi, ba ya lanƙwasa ko kaɗan. Na buɗe baki, Yaya ya ce "Me?" Na ce babu. Ya tsaya a kaina yana ɓanɓare fatar yatsansa da haƙori har sai da na gama jere guda.

Ranar Juma'a na shafa wa kowa banish, duk suka koma uwa ɗaya uba ɗaya. Ni kaɗai na san asalin kowa, shi ma sai na juya su. Na farin gam, haɗinsu fes. Na Mama, da dunƙule a gindi kamar busasshiyar majina. Na Yaya, da farin ɓawo kamar kanwa.

Asabar da hantsi na jera su a kwali, Yaya Surajo ya ce shi zai kai ni. Ta hanyar baya ya bi don kada jami'ai su kama masa keke. Shi kuma ba ya kauce wa rami, gani yake raini ne. Kwalin yana kan cinyata, ina jin abu yana ƙas, ƙas a ciki, kamar ana taunar gyaɗa.

A bakin hol ɗin na buɗe. Kujerun Yaya duk sun rabu da ƙafafunsu, ƙafafun sun taru a ƙasan kwali kamar ƙashin kaza bayan walima. Ya leƙa, ya sosa ƙeya.

"Katakon Meshach ɗin nan ba shi da kyau," in ji shi. Ya tayar da keke ya tafi.

Wata doguwar yarinya mai rigar ma'aikatan Anti ta same ni a tsugune. Kindness sunanta. Ta duba kwalin ta yi dariya, amma ba ta mugunta ba.

"Kar ki damu, sista. A aikin nan komai da bindiga muke riƙe shi. Kin ga fulawan can na bayan amarya? In aka yi atishawa mai ƙarfi za su zubo."

Ta ara mini tasu bindigar. Na zauna a bayan labule na mayar da ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Da na gama, kujerun gam ɗin kyandir sun fi rabi nesa ba kusa ba.

Na fita ta ƙofar baya neman ruwan wanke hannu, sai na ji ƙamshin gawayi. Kindness ce take fifita wuta da guntun kwali. A gefenta an jera ƙananan kasake na ƙasa, an fesa musu fenti ruwan zinare. Gindin kowanne daidai da da'irar da Anti ta zana a iska.

"Na mene ne waɗannan?" Ita dai na iya tambayarta, don ba ta da ban tsoro.

"Turaren wuta mana. Kowane tebur da nashi, a kan kujerunki za su zauna. Anti ba ta gaya miki ba? Ita ta ƙirƙiro, ta ce ba wanda ya taɓa yi a Abuja."

Gam ɗin kyandir da zafi ake narka shi, kuma ba ya mantawa. In ya sake jin zafi sai ya koma yadda yake.

Na nemi Anti Rukayyat. Tana tsakiyar hol tana wanke mai rataya fitilu da faɗa, dije mai saka kiɗa yana gefe yana gwada lasifika.

"Anti."

"Na'am, my dear. Na gan su, sun yi kyau sosai. Mene ne?"

Ta juyo. Mai fitilu ya leƙo daga kan tsani. Dije ya rage sauti. Duk suka zuba mini ido, suna jira.

"Na ce... a ina zan jera su?"

"A kan tebura mana. Da a kaina?"

Na koma bayan labule na tsaya ina kallon kwalin. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da take zuwa wa matsoraci. Na ware na farin gam na kai su teburan gaba, kusa da kujerar amarya, inda na san uwar ango da matan manya za su zauna da leshinsu. Su ma zafi ba abokinsu ba ne, amma ga tsinke a ciki, na san za su jure. Na Mama masu ɗan kauri na sa a tsakiya. Waɗanda na gyara da sauri kuma na kai can baya kusa da ƙofa, wurin dangin nesa, irinmu, waɗanda in garwashi ya faɗo za su take shi da silifas su ci gaba da cin shinkafa. Allah ya yafe mini. Na ce ni kuma zan tsaya can baya in sa ido.

Abin da ban sani ba, don ban taɓa zuwa bikin masu kuɗi ba, shi ne manya ba sa zuwa da wuri.

Dije bai gama gwaji ba sai ga bas daga Tungan Maje, cike da dangin uban amarya. Tsofaffi ne, atamfa iri ɗaya, kowa da jaka. Suka wuce teburan baya ko kallo babu, suka nufi gaba. Wata cikin 'yan matan da suke nuna wa baƙi wurin zama ta sha gabansu da murmushi.

"Mama, nan an ajiye wa baƙi na musamman ne."

Ta gaban, wata 'yar ƙaramar tsohuwa mai goro a kumatu, ta dube ta. "An ajiye wa wa? Ni na yanke wa uban amarya cibi. Matsa, 'yar nan."

Suka zauna. Suka cire takalma.

Sai da amarya ta shigo aka fara kamu sannan manyan suka fara isowa, turarensu yana riga su shiga. Ba wuri sai baya. Suka zauna suna taɓe baki, suna ajiye manyan jakunkuna da mukullan mota a kan teburan da na tanadar wa masu silifas. Kindness da abokan aikinta kuwa sun riga sun zagaya sun ɗora wa kowace kujera kaskonta, da garwashi ja da turare a kai.

Ba zan yi ƙarya ba, abin ya yi kyau. Hayaƙi yana tashi siri-siri daga kowane tebur, fitilu suna ratsa shi. Mata suka fito da wayoyi suna ɗauka. Anti Rukayyat tana tsaye a gefe tana karɓar yabo kamar ita ta haifi amaryar. Har na fara tunanin ko sanyin iyakwandishan zai cece ni.

Kujerar farko da ta saki a teburin yara ne, kusa da ni. Na ga ƙafarta ɗaya tana zamewa, na ɗauke kaskon da gefen mayafina na ajiye a faranti, na tura kujerar ƙarƙashin tebur. Ba wanda ya gani sai wani yaro, shi ma bakinsa cike da cincin.

Da na ɗago sai idona ya faɗa kan wani tebur can ɗaya gefen. Wata Hajiya ce a zaune, farin leshi, ɗaurin kai kamar dish ɗin talabijin a kan rufin kwano. Tun da ta zauna mata suke zuwa suna durƙusa mata, har uwar ango. Daga baya na ji yayar uban ango ce, kuma darakta a wata ma'aikata. Ta ɗora hannu a tebur, faffaɗan hannun rigarta ya bazu har gindin kasko. Kujerata kuma ta fara buɗe ƙafafun gaba a hankali, tana sunkuyar da kai, ita ma za ta kwashi gaisuwa.

Tsakanina da ita akwai mai bidiyo da fitilarsa. Duk wanda ya gifta gabansa sai fuskarsa ta fito a babban allon da yake jikin bango. Na tsaya. Kujerar ta ƙara sunkuyawa. Na gifta. Da gefen ido na ga kaina a allon, hancina ya kai girman ƙwarya.

"Hajiya, hannunki," na ce. Ni kaina ban ji ba, balle ita, ga kiɗa.

Sai kawai na kama hannun darakta na ɗaga sama, kamar alƙalin dambe yana nuna wanda ya ci. Da ɗaya hannun na sure kaskon da mayafi. Kujerar ta ƙarasa kwanciya, ƙafafu ko'ina, gam yana zare kamar yauƙin kuɓewa. Garwashi ɗaya ya yi tsalle ya sauka a kan zanen tebur, ya fara cin rami. Hajiya ta zare hannunta daga nawa, ta ɗauki gorar ruwa ta tsiyaya masa, ba ta ko yi sauri ba. Ta dubi kujerar. Ta dube ni.

"Ke 'yar waye?"

"Ta Anti Rukayyat ce. Amma ban zama ba tukuna."

Ta dubi kaskon da yake hannuna. "To tunda kin ɗauko, matso da shi nan." Ta buɗe mayafinta, na kara mata kaskon, hayaƙi ya shiga.

Ta kusa da ita ta ce ita ma. Na teburin kusa da su suka yafito ni. Sun ɗauka cikin tsarin bikin ne. Ni kuma na bi su a haka. In isa tebur, in sure kaskonsu, in turara kowa, in ajiye shi a faranti, in share kujerar zuwa cikin leda. Wasu kujerun na same su a tsaye suna rawa, wasu sun riga sun kai gwiwa ɗaya ƙasa. Kindness ta hango ni, ta hango ledar, ta gane. Ta kwaso faranti ta biyo ni. Yatsuna suka yi ja, mayafina ya huje wuri-wuri.

Ɗaya ta riga mu. A wani tebur na tsakiya kasko ya kife gaba ɗaya, ya kama fulawar roba, wari ya tashi ya danne turaren. Mata suka miƙe suna tattare riguna, wata ta watsa zoɓo. Emsi, mai gabatar da biki, ya ce, "Masu teburin tsakiya a yi haƙuri, soyayyar amarya da ango ce ta fara kama wuta." Aka yi dariya, aka koma rawa. Anti Rukayyat ba ta yi dariya ba. Daga can nesa take kallona, kuma karon farko tun da na san ta, wayar tana ƙasa.

Kafin magariba aka watse. Ta kira ni bayan hol, wurin tokar gawayi. Ta zazzage ledar a ƙasa. Ga kuma zannuwan tebur biyu a kafaɗarta, da ramuka masu baƙin baki.

"Tun yaushe kika san haka za ta faru?"

"Tun da na ga gawayi."

"Kika zo kika tambaye ni a ina za ki jera."

Na dubi silifas ɗina.

"Nazeefa, ba zan iya ajiye mutumin da zai ga wuta tana zuwa ya tsaya yana kallon silifas ɗinsa ba. Kuma kayanki ba sa riƙewa. Ki gaida gida." Ta juya.

Na hango kaina a bakin kasuwa, da kula a gabana, ina ce wa mai gemu kwastomana.

"Ba duka ba ne, Anti."

Ta tsaya.

"Gam ne ya bambanta. Waɗannan na kyandir ne, ba sa son zafi. Na teburan gaba da farin gam na yi su, da tsinke a ciki. Ko ɗaya bai motsa ba. Da na tambaye ki abin da za a ɗora, da dukkansu haka zan yi su." Ban taɓa yin magana mai tsawon wannan da wanda ba ɗan gidanmu ba. Har numfashina ya ƙare.

"Ina suke?"

Muka koma ciki. Teburan gaba wayam. Ba kujera ko ɗaya.

"Tsofaffin nan ne," in ji Kindness, tana naɗe labule. "Sun ɗauka kayan rabo ne. Suna waje suna shiga mota."

Na ruga. Bas ɗin ta riga ta tayar, direba yana jiran wata da ta tafi alwala. Tsohuwar cibi tana bakin taga, jakarta a cinya, ƙafar kujerata ɗaya ta leƙo.

"Iya, don Allah, kujerar nan."

Ta danne jakar da hannu biyu. "Tawa ce. A gabana aka ajiye."

"Ba karɓa zan yi ba. Ni na yi ta. Uwar ɗakina ce take son ta duba, in ba ta gani ba ba za ta ɗauke ni aiki ba."

Ta tauna goro tana kallona. Anti Rukayyat ta iso tana haki a kan dogon takalmi. Tsohuwar ta zaro kujerar ta miƙo ta taga, amma ba ta saki majinginar ba.

"A nan za a duba. Na san halin mutanen birni."

Haka Anti ta tsaya a jikin bas, ita da tsohuwa kowa da gefen da ya riƙe. Wurin zaman ya yi baƙin da'ira inda kasko ya zauna. Anti ta ja ƙafa ɗaya. Ta murɗa. Ta sa ƙarfi har awarwaronta suka yi ƙara, tsohuwar kuma tana ja ta ciki, sauran na motar suna ba ta ƙarfin gwiwa. Ba abin da ya saki sai farcen Anti na roba, ya yi tsalle ya faɗa kwata.

Ta saki. Ta dubi yatsan nata, ta dube ni.

"Ki zo shago jibi. Aikinki na farko, ki sake yin waɗancan duka da wannan gam ɗin, ki kuma san yadda za ki yi da zannuwana. In na ga sun yi, sai mu yi maganar tebur." Ta ɗauko waya, ta sake sauke ta. "Kuma ki taho da bakinki, kar ki baro shi a Karmo."

"To, Anti."

Mai alwala ta dawo ta shiga. Tsohuwar ta buɗe jaka don mayar da kujerarta, sai wani abu ruwan zinare ya haska a ciki.

"Mama, tsaya," in ji Anti. "Wannan kaskon nawa ne."

"Direba, mu je," in ji tsohuwar, ta ja gilashi ta rufe.